Hannun Hephzibah a Wayoyin Mutane

"Cire rigar," in ji Martins.

Hephzibah ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Yana tsaye a kanta da waya a hannu. Ya riga ya saki labulen tagar ɗakinsu na haya a Samaru, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka.

"Maigida, hannun ne ya fi ƙonewa. Ga shi nan, ka ɗauka."

"Hannu kaɗai wa zai tausaya wa? Na ce ki cire."

Da hannu ɗaya ba a ɓalle maɓalli da sauri, shi kuma ba shi da haƙurin jira. Ya damƙi wuyan rigar ya fizge, maɓallan suka watse a kan siminti. Ita ta ɗinka rigar nan, tun lokacin da matan Samaru ke bin layi a ƙofarta da atamfofinsu. Tabon ƙunar ya taso daga yatsun hannunta na dama, ya haye damtse, ya fantsama a kafaɗa da saman ƙirji. Martins ya lakato man shafawa ya mulke tabon don ya yi ƙyalli kamar ɗanyen ciwo. Ta sa hannun hagu ta kare ƙirjinta, ya buge hannun.

"Yi kuka."

"Ba ni da sauran kuka."

Marin ya sauka a kuncinta har kunnenta ya ɗauki ƙara. Kafin ta dawo hayyacinta, hasken wayar ya tartsa mata a ido, ya sake, ya kuma sake. Martins ya duba abin da ya ɗauka, ya gyaɗa kai. Hawayen sun fito tsaf.

Kafin yamma hoton ya shiga zauren wayar 'yan cocinsu, da rubutu a ƙarƙashi: "'Yan'uwa cikin Ubangiji, ku taya ni addu'a. Tukunyar gas ta fashe da matata. Ban gudu ba, kuma ba zan gudu ba, alkawari na yi a gaban bagadi." Ƙarƙashin wannan kuma lambar asusunsa na banki.

Babu tukunyar gas da ta fashe. Tana nan a lungun girki lafiya lau, da ita ake dafa masa shayi kowace safiya. Man suyar kifi ne, kuma Martins ne ya hankaɗa ta ciki ranar da ta tambaye shi inda ya kwana.

Wuri ɗaya ne a duk Zariya Hephzibah ke shiga ta ji kamar har yanzu ita mutum ce: wani ƙaramin ɗaki a bayan wata asibiti a Sabon Gari, inda Sista Bibiana ke aiki. Bibiana ba ta allura, ba ta rubuta magani. Aikinta shi ne ta koya wa hannun da ya manta aikinsa ya tuna: riƙe cokali, ɗaura ɗankwali, murɗa famfo. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Sabon Gari aka yanke mata cibiya, kuma Hausar bakinta ta fi ta wasu 'yan gari kaifi.

Fatar ƙuna, in tana warkewa, tsukewa take yi, ta ja yatsu su kanannaɗe cikin tafi. Don haka Bibiana ta tausasa wata farar roba a ruwan zafi, ta manna ta daidai tafin Hephzibah, ta yi mata maɗauri da zai riƙe yatsun a miƙe. Kuma duk zuwa, bayan motsa yatsu da tsintar ƙwayar wake ɗaya-ɗaya daga faranti, sai ta buɗe durowa ta ɗauko kyamarar asibiti.

Ranar farko Hephzibah na ganin kyamarar ta ja da baya. Hannunta na hagu ya tafi wuyan rigarta da kansa.

"Me za ki yi?" in ji Bibiana.

"Na ɗauka sai na cire."

Bibiana ta ajiye kyamarar a hankali.

"Anti Hephzibah, babu abin da za ki cire sai zobe. Hannu kawai nake so, shi ma sai kin yarda. In kin ce a'a, a'a ce, kuma aikinmu zai ci gaba kamar yadda yake. Ina so ne mu riƙa ganin yadda yatsun ke buɗewa, don ido yana mantuwa. In ɗauka?"

Tun da ta ƙone ba wanda ya tambaye ta komai. Ta gyaɗa kai.

"Da baki nake so."

"Ki ɗauka."

Bibiana ta yaye labule, ta jawo tebur kusa da taga. Ta shimfiɗa shuɗin ƙyalle, ta ɗora hannun a kai, ta ajiye rula a gefensa. Ta manne gwiwoyin hannunta a jikinta don kada kyamarar ta motsa, ta riƙe numfashi. Babu hasken da ya tartsa.

"Ba ki kunna fitilar ba."

"Abeg, rabu da ita, wannan fitilar maƙaryaciya ce. Tana sa tabo ya yi fari fat, ko ya yi ƙyalli kamar an zuba masa mai. Hasken taga ya ishe mu. Kuma duk zuwa nan wurin zan tsaya, nisa ɗaya, ƙyalle ɗaya, don in hoto ya canza mu san hannun ne ya canza, ba ni ba." Ta juyo mata da kyamarar. "Duba. Babu fuska, babu suna. Ba a wayata yake ba, a kwamfutar asibiti zai zauna da makulli. In bai yi miki ba, yanzu in goge a gabanki."

Hephzibah ta dubi hannunta a kan shuɗin ƙyallen. A naƙashe yake, amma ba abin kunya ba ne. Hannu ne kawai, mai jiran lafiya.

"Zan sake riƙe almakashi?"

"In kika kwana da robar nan kullum, kika yi abin da na koya miki, ni zan kawo miki atamfata ta farko. Amma ki sani ni mai mita ce, sai kin warware sau uku."

Hephzibah ta yi dariya, har ta tsorata da jin muryarta.

Damina ta kankama, yatsun suka fara buɗewa kamar ganye. Manuniya ta fara, sai ta tsakiya. Ranar da babban yatsa ya taɓa manuniya, Bibiana ta yi guɗa har ma'aikatan ɗakin kusa suka leƙo. A motar komawa Samaru Hephzibah ta yi ta haɗa yatsun biyu a ƙarƙashin zani, tana rabawa, tana jin daɗi irin na budurwar da ke ɓoye saƙon masoyi. A ranta ta riga ta kwance buhun da ta lulluɓe keken ɗinkinta da shi, ta ɗiga masa mai, tana jin ƙarar ƙafarsa. Da hannun nan za ta ci, da shi za ta sha, kuma wata rana, abin da ba ta taɓa faɗa ko a cikin addu'a ba, da shi za ta buɗe ƙofar gidan nan ta fita.

A gida kuwa abubuwa sun canza wa Martins. Buhun shinkafa ya shigo, jarkar mai ta shigo. Ya sayi sabon babur. A sujadar Lahadi aka kira shi gaba, aka nuna shi ga samari a matsayin mijin da ya san ma'anar alkawari, ya sunkuyar da kai yana share ido. Wasu bayin Allah daga Kaduna da hoton ya kai gare su suka ce za su zo su ga matar da idonsu, su ɗauki nauyin tiyata.

Wata rana suna cin abinci, ta manta, ta ɗauki cokali da hannun dama.

Martins ya daina tauna.

"Tun yaushe?"

"Kwanan nan ne, Maigida. Ka ga Ubangiji ya ji addu'arka."

"Ajiye."

Ta ajiye. Ya kama hannun ya juya shi sama da ƙasa kamar mai taya kaza a kasuwa.

"Wato mutanen Kaduna su zo su tarar kina cin shinkafa da cokali. Ni in zama maƙaryaci a gaban ikilisiya. Abin da kuka shirya ke da wannan Bayarabiyar ko Inyamurar ke nan?"

"Warkewa nake yi, Maigida. Ba abin da muke roƙo ke nan ba?"

"Ki warke bayan sun zo! Shinkafar da ke bakinki wa ya kawo ta? Kekenki? Hoton nan ne ke ciyar da ke, shashasha!"

Ya shiga ɗaki ya fito da robar, ya kunna gas ɗin da aka ce ya fashe, ya ɗora ta a kan wuta. Ta narke, ta lanƙwashe, wari ya cika gidan. Sannan ya yage tsumma daga tsohon zaninta, ya danne yatsunta cikin tafi da ƙarfin tsiya. Sabuwar fatar ta tsage, ta yi ƙara, ya toshe mata baki da gwiwar hannu. Ya naɗe dunƙulen tam, ya ƙulle a wuyan hannu.

"In na dawo na tarar kin kwance, ɗayan ma zan ɗaure."

Haka ta koma kwana da tashi da dunƙulallen hannu. Ranar asibiti kawai yake kwancewa, don mutane su gan shi ya goyo ta a sabon babur har Sabon Gari.

Bibiana ta shimfiɗa shuɗin ƙyallen, ta nemi izini, ta ɗauka. Sannan ta juyo da kwamfuta, ta jera hotunan daga na farko. Hannu a rufe, hannu yana buɗewa, hannu a buɗe, sai kuma hannu ya sake rufewa. A na ƙarshe, cikin hasken taga da ba ya ɓoye komai, ga shatar ɗauri nan ta zagaye wuyan hannu, ga kuma tabon yatsu huɗu baƙaƙe a damtse.

"Ina robar?"

"Ta ɓace."

"Wannan shatar fa? Ita ma ɓacewa ta yi?" Bibiana ta tashi ta tura ƙofa ta sa sakata. "Anti, ni ma ina da waya. Hotonki ya shigo zauren matan cocinmu nan Sabon Gari. Ƙanwata da ke Jos ta turo min shi, wai in yi addu'a. Ba ta san na san ki ba."

Ɗakin ya juya wa Hephzibah. Ta ɗauka 'yan cocinsu ne kawai suka gani, kuma ko wannan ya sa ta daina ɗaga ido a sujada. Ashe ƙirjinta ya je Jos. Ashe mai kayan miya da ke mata murmushi a kasuwar Samaru, da yaron mota, da ɗaliban da ke haya a gidansu, kowa na iya zama da tsiraicinta a aljihu. Ta kifa kai a tebur, kukan da ta ce ba ta da saura ya ɓalle, maganar ta biyo shi: man kifi, mari, gas, tsumma.

Bibiana ta durƙusa a gabanta, idanunta jajur.

"Ki ba ni izini. Hotunan nan shaida ne. In kai wa babban likita, in kai wa dattawan cocinku, ko duk inda kika zaɓa."

"A'a."

"Zai hallaka miki hannu!"

"In kika nuna, ba hannu kaɗai zai hallaka ba. Ke za ki koma gidanki, ni da shi zan kwana. Kin ce in na ce a'a, a'a ce."

Bibiana ta cije leɓe har ya kusa fashewa. Shaida na gabanta, a jere, tsaf, kuma danna maɓalli ɗaya ya isa. Ta rufe kwamfutar.

"Na ce. Hotonki ne, ba nawa ba. Amma abin da idona ya gani zan rubuta a bayanan jinyarki, wannan aikina ne. Kuma duk zuwa sai na sake tambayar ki, ko za ki tsane ni."

Ta dafa ruwa, ta yi mata wata robar. Hephzibah ta ɓoye ta a ƙarƙashin zani ta kai gida, ta cusa a cikin buhun da ya lulluɓe keken ɗinki. In ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa da safe, sai ta kwance tsumman da haƙori, ta sa robar, ta tsinci wake. In la'asar ta yi, ta mayar da ɗaurin da kanta.

Sau ɗaya ta gwada kai kuka. Surukarta, Mama Winifred, ta zo daga Hanwa ɗibar shinkafa. Hephzibah ta durƙusa ta nuna mata tsumman.

"Mama, ki yi masa magana. Ya tuɓe ni ya watsa a duniya, yanzu kuma ya hana ni warkewa."

Tsohuwar ta ci gaba da auna shinkafa a leda.

"'Yata, ki gode wa Allah. Da wani namijin ne, tun kina asibiti ya mayar da ke ƙauyenku. Ɗana ya tsaya. Hoton kuma ai don tausayi ne. Ƙirjin da wuta ta cinye, wa zai kalla da wata manufa?"

"Shi ya tura ni cikin man, Mama."

"Ke kuma me bakinki ya faɗa kafin nan?" Ta ƙulle ledar. "Ki yi haƙuri har baƙin Kaduna su zo su tafi. Hannu ba gudu zai yi ba."

Ranar wata Talata matan zumunta suka zo gaishe ta, su shida cikin zanensu iri ɗaya, da kular abinci da waƙa a baki. Martins ba ya nan. Suka yi addu'a, suka yi waƙar da ta fi so, wadda take bi da murya lokacin da take ɗinki. Wani abu ya cika mata ƙirji. Ta gaji da zama abin tausayi. Tana so mutum ɗaya, ko sau ɗaya, ya dube ta da murna.

"Ku tsaya ku ga abin da Ubangiji ya yi," ta ce.

Ta jawo almakashinta daga buhu, ta zura yatsu a ciki. Gumi ya keto mata, amma ƙarfen ya buɗe baki, ya kama gefen wani ƙyalle, ya tafi ƙyat, ƙyat, ƙyat har ƙarshe.

Ɗakin ya ɓarke da guɗa. Aka rungume ta, aka yi rawa. Ba ta lura ba ɗaya daga cikinsu, mace mai kyakkyawar zuciya, ta ɗaga waya tun farko. Matar ba ta tambayi kowa ba, don wa ke neman izini kafin ya yaɗa abin alheri? Kafin su kai bakin titi bidiyon ya shiga zauren coci: "Yesu ya warkar da 'yar'uwarmu! Ga ta tana yanka!"

Rana ba ta faɗi ba ta ji ƙarar babur. Bai ma kafe shi ba, ta ji ya faɗi a tsakar gida.

"Ina almakashin?"

"Maigida, tsaya ka ji..."

Naushin ya same ta a baki, ta bugu da keken ɗinki, suka zube tare. Ya shure ta a ciki, ya sake shurin ta a haƙarƙari. Robar ta faɗo daga buhu, ya gan ta, ya yi wata irin dariya.

"Mutanen Kaduna sun kira ni. Sun ce tun da Allah ya riga ya yi aikinsa, za su taimaki wani. Kin ji? Kin yanka ni a gaban duniya da almakashinki!"

Ya kama gashinta ya ja ta a ƙasa har bakin ƙofa. Ƙofar ƙarfe ce, irin ta gidajen haya. Ya kama hannun dama ya shimfiɗa yatsun a jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai. A nan ta gane.

"Martins! Martins, don girman Allah! Da shi zan ci abinci! Ka doke ni ko'ina, ka bar min hannun!"

Ya bugo ƙofar da dukan ƙarfinsa.

Ta ji ƙarar kafin ta ji zafin, kamar an taka busasshen kara. Ya buɗe, ya sake bugowa. Ihun da ta yi ya fita har layi. A ɗakin kusa wani ya ƙara sautin rediyo. Wata maƙwabciya ta tsaya daga nesa ta ce, "Lafiya, Baba Martins?"

"Ciwon ne ya motsa, Maman Japheth. Addu'a muke yi."

"To, Allah ya sawwaƙe."

Yana haki, ya tsaya yana kallon jinin da ke bin siminti. Sai ya laluba aljihu. Ya saki labule. Hasken ya tartsa a fuskarta. A wannan karon bai ce ta yi kuka ba.

"Shaiɗan bai haƙura ba," ya rubuta. "Bayan mu'ujizar yau, matata ta zame, ƙofa ta datse hannun. Ina roƙon ku, kada ku gaji da ni."

Likitoci suka cire manuniya da ta tsakiya. Babban yatsa ya tsira, amma ba zai sake lanƙwasawa ba. Da Bibiana ta shigo ɗakin jinya, ta tsaya a bakin gado. Ta yi ta tambayar kanta ko da ta karya alkawari da yatsun nan suna nan, kuma ba ta samu amsar da za ta bar ta ta yi barci ba.

Hephzibah ce ta yi magana, da kumburarren baki.

"Sista, tambaye ni."

"Kin ba ni izini?"

"Na ba ki. Ki nuna."

Aka zauna a ofishin coci bayan an sallame ta. Dattijo Shekari, tsohon malamin makaranta kuma shugaban dattawan ikilisiya, shi ya jagoranci zaman. Bibiana ta jera hotunan a tebur, ta yi bayani dalla-dalla: ga buɗewa, ga rufewa, ga shatar ɗauri, ga tabon yatsun namiji. Dattawan suka sunkuya suna kallo. Hephzibah ta ga fuskar Dattijo Shekari ta canza, zuciyarta ta buga da wani abu mai kama da fata.

Sai Martins ya miƙe, murya a sanyaye, hannu a ƙirji.

"Iyayena, tambaya ɗaya gare ni. Wa ya ba wannan matar izinin ɗaukar hoton jikin matata?"

"Ita ta ba ni," in ji Bibiana. "Duk zuwa sai na tambaye ta."

"Ni an tambaye ni? Ni na biya sadaki. Watanni ana ɗaukar hoton matar aure a ɓoye, a ɗaki a kulle, mijinta bai sani ba. Yau kuma an baje a gaban maza."

Dattawan suka ɗago kamar waɗanda aka buɗe wa taga. Wannan maganar ta fi sauƙin riƙewa a kan wadda ke kan tebur.

"Gaskiya akwai gyara a nan, 'yata," in ji Dattijo Shekari ga Bibiana. "A tsarinmu miji shi ne kan gida. Ya kamata a ce an nemi yardarsa."

Hephzibah ta miƙe.

"Baba, hannu ta ɗauka, a kan ƙyalle, da yardata. Shi kuma ya yage min riga, ya mare ni, ya ɗauki ƙirjina ya aika duniya. Yana cikin wayarka, Baba. Yana cikin wayar kowa a ɗakin nan. Shi wa ya ba shi izini?"

Ba wanda ya dube ta. Dattijo Shekari ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ai shi mijinki ne," ya ce.

Aka yanke cewa a gafarta wa juna. Martins zai yi azumi da addu'a, Hephzibah za ta koyi kame baki, maganar kuma kada ta fita, don sunan ikilisiya. Washegari Martins ya kai ƙara asibiti cewa an keta mutuncin iyalinsa. Aka karɓe kyamarar daga hannun Bibiana har sai an gama bincike.

Hephzibah ba ta koma Samaru ba. Daga ofishin cocin ta wuce Dogarawa, gidan wata gwaggonta, da zanin da ke jikinta. Keken ɗinkin Martins ya sayar. Har yanzu tana zuwa wurin Bibiana, tana koyon ɗaura zani da hagu, da yanka albasa da hagu. Almakashi kuwa an yi shi ne don hannun dama. A hagu sai ya riƙa tauna ƙyalle.

Wata ranar kasuwa tana cikin motar haya daga Sabon Gari, an matse su a kujerar baya, hannunta a ƙarƙashin mayafi. Matar da ke gefenta, wata mai fara'a da kwandon tumatir a cinya, tana ta latsa waya. Can ta ja tsaki na tausayi, ta taɓo Hephzibah da gwiwar hannu.

"Baiwar Allah, dubi wannan. Kai, duniya! Gas ne ya fashe da ita, ga ƙofa kuma ta ƙarasa hannun. Amma mijin, kin ga irin mijin da ake roƙo. Har yau yana nan yana jinyarta. Bari in tura wa 'yan'uwana, ko ɗan abin da Allah ya hore a sa masa."

Hephzibah ta dubi wayar. Ga ta nan, ba riga, tabo yana ƙyalli, hawaye tsaf. Ta rame tun daga lokacin, shi ya sa matar ba ta gane ta ba. Ita ta bar gidan, amma matar da ke cikin hoton tana can zaune a bakin katifa, tana yi wa Martins aiki dare da rana.

Ta zaro hannun daga mayafi, ta ɗora shi a kan fuskar wayar, yatsu uku da gurbin biyu.

"Ni ce," ta ce. "Shi ya yi min. Kada ki tura."

Matar ta dubi hannun, ta dubi fuskar, bakinta ya buɗe. Ta danna, ta goge hoton, ta juyo da wayar don Hephzibah ta gani.

"Ki yafe ni, 'yar'uwa. Wallahi ban sani ba."

"Na sani."

Ta goge shi daga waya ɗaya. Hephzibah ta duba cikin motar: kowa da tasa a hannu, har direba. Ta duba ta taga, ga titi cike da mutane, kowa kai a sunkuye, yatsa yana tafiya a kan gilashi. Mutanen kirki ne yawancinsu. Sun ga mace tsirara tana kuka, sun rubuta amin, sun tura gaba, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya tsaya ya tambayi wanda ke riƙe da wayar lokacin da take kukan.

Ba ta mayar da hannun cikin mayafi ba. Ta bar shi a kan cinyarta, a fili, har Dogarawa.